Darasin Wannan Fitowa: Wayar Hannu da Al'amuran Ƙauyenmu

Gabatarwa

Darasinmu na wannan fitowa a kan abin da kusan kowane gida yake da shi ne yanzu, wato wayar hannu. Kafin shekarar 2001, layukan tarho a duk faɗin Nijeriya ba su kai rabin miliyan ba, kuma yawancinsu a manyan birane suke. A watan Agusta na 2001 ne kamfanonin wayar salula suka fara aiki, a lokacin kuwa layi kaɗai yakan ci naira 20,000 ko fiye. Zuwa 2025, layukan da ke aiki sun haura miliyan 150. Yau mai tuyar ƙosai tana da waya, ɗan acaɓa yana da ita, manomi ma da tasa yake zuwa gona.

Da ita muke gaida dangi, muke jin farashin masara da taki, muke aika kuɗin makaranta. Amma in rijiyar burtsatse ta lalace, ko aka bar ginin ɗakin shan magani rabi, ko ruwa ya cinye gada, sau da yawa sai mu yi ta gunaguni a gindin bishiya, maganar ta mutu a nan. Tambayar wannan darasi ita ce: yaya za mu sa wayar nan ta kai kukan ƙauye kunnen wanda ke da ikon yin gyara, ba tare da mun jawo wa kanmu ko maƙwabtanmu fitina ba?

Manufar darasi

Bayan an karanta wannan darasi tare an kuma tattauna, muna so kowa ya iya:

1. Faɗin abin da ke sa hukuma ta saurari saƙon da aka aika ta waya.
2. Sanin inda ake neman bayani a kan kuɗin da aka ware wa ayyukan ƙauye.
3. Bambanta labarin gaskiya da na ƙarya kafin ya tura wa wani.

Kashi na ɗaya: Abin da ya faru a Bagega

Bagega gari ne a ƙaramar hukumar Anka ta jihar Zamfara. A farkon 2010 yara ƙanana suka fara mutuwa da yawa a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, wasu bayan amai da jijjiga. Likitocin ƙungiyar agaji ta MSF da sauran masana suka bincika, suka gano gubar dalma ce. Mutane suna haƙo duwatsu masu zinariya, suna kawo su gida, ana daka su a turmi ko a niƙa a inji. Duwatsun kuwa cike suke da dalma. Ƙurar ta bi tsakar gida da ɗakuna, yara masu rarrafe suna sa hannu a baki. Sama da yara 400 ne suka rasu.

Akwai maganin da ke fitar da dalma daga jinin yaro, amma ba ya amfani in yaron zai koma ya zauna a kan ƙasa mai guba. Dole sai an fara kankare ƙasar saman gidaje da lunguna, a kai ta rami a binne, a zuba sabuwa, sa'an nan a fara ba da magani. An yi haka a ƙauyuka bakwai. Bagega, wadda ta fi su girma, aka bar ta, da yara wajen 1,500 da ke cikin haɗari. Gwamnatin tarayya ta yi alkawarin naira miliyan 850 domin aikin, amma shekarar 2012 ta zo ta wuce kuɗin bai fito ba.

A cikin 2012 ɗin ne wasu matasa, cikinsu da Hamzat Lawal da Oludotun Babayemi, suka kafa shirin Follow The Money, ma'ana bin sawun kuɗi. Suka taka har Bagega, suka zauna da mutanen gari, suka ɗauki hotuna da bayanai, suka baza a Twitter da Facebook da alamar #SaveBagega, wato a ceci Bagega. Ƙungiyar kare haƙƙin ɗan Adam ta Human Rights Watch ita ma ta nemi jama'a su riƙa rubuta tambaya a shafin Facebook na shugaban ƙasa na lokacin, Goodluck Jonathan: yaushe za a saki kuɗin? Jaridu da gidajen rediyo suka ɗauki maganar. A watan Janairun 2013 Sanata Bukola Saraki, wanda ke shugabantar kwamitin muhalli na majalisar dattawa, ya je garin ya gani da idonsa. Kafin watan ya ƙare aka ba da umurnin sakin kuɗin. Aka fara share ƙasar, zuwa watan Afrilu kuma likitoci suka fara ba yaran magani.

Yawancin waɗanda suka ɗaga murya ba su taɓa taka Zamfara ba, ba su kuma tsaya tambayar yaren yaran ko addininsu ba. Sun ji yara na mutuwa, sun ga hujja, suka yi magana.

Kashi na biyu: Me ya sa aka saurare su?

Mutane da yawa suna ƙorafi a waya kullum, ba wanda ya kula. Mu lura da abubuwa huɗu da suka bambanta maganar Bagega.

Na ɗaya, buƙatar guda ɗaya ce, kuma a fili take. Ba su ce "gwamnati ta manta da talakawa" ba. Cewa suka yi a saki naira miliyan 850 da aka yi alkawari. Buƙatar da ke da suna da adadi tana da wuyar kaucewa, domin amsarta biyu ce kawai: an saki, ko ba a saki ba.

Na biyu, akwai hujja. Likitoci sun auna jinin yaran, masana sun auna ƙasar, hotuna sun nuna garin. Gani ya kori ji.

Na uku, sun san ƙofar da za su ƙwanƙwasa. Kuɗin a hannun gwamnatin tarayya yake, saboda haka can suka nufa. Da sun tsaya suna zagin kansila ko hakimi, da sun ɓata lokaci sun kuma ɓata zumunci.

Na huɗu, ba su kaɗai ba ne, ba kuma waya kaɗai ba ce. Mutanen gari, likitoci, 'yan jarida da 'yan majalisa duk sun sa hannu. Bayan an saki kuɗin ma, matasan nan sun ci gaba da zuwa suna duba yadda ake kashe shi. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Wannan shi ne zuciyar darasinmu. Waya tana kai murya nesa, amma ba ta ƙara wa magana nauyi. Nauyin daga gaskiya yake zuwa, da haɗin kai, da naci.

Kashi na uku: A ina za mu san abin da aka ware mana?

Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, amma sau da yawa bai san an riga an fitar da kuɗin gyaran rufin ba. Kafin mu yi kuka, mu fara neman sani. Ga hanyoyi huɗu.

Allon aiki. Yawancin ayyukan gwamnati ana kafa musu allo mai ɗauke da sunan aikin, da ma'aikatar da ta ba da shi, da ɗan kwangila, wani lokaci har da ɗan majalisar da ya kawo shi. A ɗauki hoton allon tun ranar da aka kafa shi, kafin rana da ruwan sama su goge rubutun.

Kasafin kuɗi. Ofishin kasafin kuɗi na tarayya yana sa kasafin kowace shekara a intanet, jihohi ma suna sa nasu. Shekaru da dama an riƙa ware naira biliyan 100 a kasafin tarayya domin ayyukan mazaɓu, waɗanda sanatoci da 'yan majalisar wakilai ke zaɓa wa yankunansu: rijiyoyi, azuzuwa, fitilu masu aiki da hasken rana, kekunan ɗinki da sauransu. Kuɗin jama'a ne, ba kyauta ba ce daga aljihun ɗan majalisa. Ƙungiyar BudgIT, wadda aka kafa a 2011, ta buɗe shafin Tracka a 2014, inda ake iya duba ayyukan da aka rubuta wa kowace jiha, a kuma ba da rahoton ko an yi ko ba a yi ba. Tun 2019 hukumar yaƙi da cin hanci ta ICPC ma tana bin sawun irin waɗannan ayyuka.

Kason wata-wata. Kowane wata ana raba kuɗi daga asusun tarayya zuwa jihohi da ƙananan hukumomi 774, hukumar ƙididdiga ta ƙasa kuma tana buga abin da aka ba kowa. A watan Yulin 2024 kotun ƙoli ta yanke hukuncin cewa a riƙa ba ƙananan hukumomi kasonsu kai tsaye. Don haka tambayar nawa ya shigo, me aka yi da shi, tambaya ce da ta dace a yi wa shugaban ƙaramar hukuma cikin ladabi.

Dokar 'yancin samun bayanai. An sa mata hannu a watan Mayun 2011. Ta ba kowane mutum dama ya nemi bayani daga ofishin gwamnati, ba sai ya faɗi dalilinsa ba, ofishin kuma ya amsa cikin kwana 7. Wanda bai iya rubutu ba yana iya sa wani ya nema a madadinsa. Akwai bayanan da dokar ta keɓe, kamar na tsaron ƙasa, amma kuɗin kwangilar rijiya ko ta aji ba ya cikinsu. A watan Afrilun 2025 kotun ƙoli ta tabbatar cewa dokar ta hau kan jihohi ma.

Ba kowa ke da babbar waya ko ke jin Turanci ba, ba kuma lallai ne kowa ya iya ba. Ya isa a sami ɗalibi ɗaya ko malamin makaranta ya nemo, ya karanta wa jama'a da harshen da suke ji.

Kashi na huɗu: Matakai shida

1. A zaɓi matsala ɗaya. Ƙauye yana iya samun matsala goma, amma in aka jero su duka a saƙo guda, mai karatu zai ɗauki mafi sauƙi ya bar sauran, ko ya bar duka. A zauna a yarda a kan wadda ta fi damun mutane.

2. A kafa ƙaramin kwamiti, mutum biyar zuwa bakwai. A sa dattijo, a sa mata aƙalla biyu, a sa matashi mai babbar waya, a sa mai kyan rubutu. In matsalar ta shafi maƙwabta na wani yare ko wani addini, lallai a gayyace su, domin rijiya da hanya na kowa ne. A sanar da mai unguwa ko dagaci tun daga farko, kada ya ji a bakin duniya.

3. A tara hujja. A ɗauki hoto da rana, daga nesa yadda za a gane wurin, da kuma daga kusa yadda za a ga ɓarnar. A rubuta ranar da aka ɗauka. A ƙidaya gidajen da abin ya shafa, ƙidaya ta gaskiya, gida gida. Kada a ƙara ko ɗaya. In kuka ce gida 300 aka zo aka tarar 120 ne, sauran maganarku ma ta zube.

4. A fara da ƙofar kusa. A rubuta takarda zuwa ga kansila, ko shugaban sashen da abin ya shafa a sakatariyar ƙaramar hukuma, ko ofishin ɗan majalisa. A kai kofi biyu, a sa su buga hatimi da kwanan wata a kan ɗaya, a dawo da shi, a ɗauki hotonsa. Shugaba da yawa zai fi so a gaya masa a ofis kafin ya gani a Facebook, kuma adalci ne a ba shi wannan dama.

5. In lokaci ya wuce ba amsa, sai a fitar da saƙo. A aika wa shirin rediyon da ake buga waya, a aika wa wakilin jarida, a sa a shafin Facebook na ƙungiyar ci gaban gari, a tura wa 'ya'yan garin da ke birni ta WhatsApp su ma su yaɗa. Kada mu raina rediyo. Shi ne ya fi shiga lungu, kuma masu mulki suna sa kunne.

6. A bibiya, a kuma yi godiya. A sa rana kowane wata da kwamiti zai ba da rahoto. In aka zo aka yi aikin, a ɗauki hoto a yaɗa da ƙarfin da aka yaɗa kukan. Yaba kyauta tukuici. Wanda aka gode masa a fili zai fi saurin amsawa gaba.

Ga misalin saƙo iri biyu a kan matsala guda.

Na farko: "Ɓarayin gwamnati sun cinye kuɗin rijiyarmu. Allah ya isa! Ku tura wa kowa."

Na biyu: "Mu mutanen (sunan ƙauye), gundumar (suna), ƙaramar hukumar (suna), muna sanar da cewa rijiyar burtsatsen da aka rubuta mana a kasafin shekarar (kaza), an haƙa ta amma ba a sa famfo ba. Gidaje (adadi) ne ke ɗibar ruwa a rafi. Mun kai takarda ofishin (suna) ranar (kaza), ga hotonta da hatimi. Muna roƙon a gaya mana ranar da za a kammala aikin."

Na farko yana huce haushi, amma bai faɗi wuri ba, bai faɗi rana ba, ya kuma kira mutane ɓarayi ba tare da hujja ba. Na biyu ba ya zagin kowa, amma duk wanda ya karanta ya san inda zai je ya duba.

Kashi na biyar: Wutar da ke dafa tuwo ita ke ƙone rumbu

Hanyar da gaskiya ke bi ta isa Abuja cikin minti ɗaya, ita ƙarya ke bi ta shigo gidajenmu. Da yawanmu mun tuna watan Agustan 2014, lokacin da ake fama da cutar Ebola a Legas. Cikin dare ɗaya saƙo ya zaga ƙasa cewa a yi wanka da ruwan gishiri a kuma sha. Dangi suka riƙa tashin dangi da asuba. Aƙalla mutum biyu suka mutu, wasu da dama aka kwantar a asibiti. Gishiri ba ya maganin Ebola. Waɗanda suka tura saƙon ba mugunta suka nufa ba, ƙauna ce da tsoro, amma hakan bai hana ɓarna ba.

Akwai wanda ya fi wannan ciwo. A watan Yunin 2018 an kai munanan hare-hare a yankin Gashish na ƙaramar hukumar Barikin Ladi a jihar Filato, aka kashe mutane da yawa. Wannan gaskiya ne, kuma baƙin cikinsa yana nan. Amma cikin hotunan da aka yi ta yaɗawa a Facebook a kwanakin, binciken da BBC ta fitar a watan Nuwamban 2018 ya nuna wasu ba daga can suke ba. Wani bidiyo a ƙasar Kwango aka ɗauke shi tun 2012. 'Yan sanda sun ce irin waɗannan hotuna sun ƙara hura wutar ramuwa, inda aka tare hanya aka kashe matafiya 11 da ba su san hawa ba, ba su san sauka ba. Wanda ya tura hoton yana zaune a ɗakinsa, amma yatsansa ya kai inda ƙafarsa ba ta je ba.

Yanzu kuma abin ya ƙara wuya, domin akwai manhajojin da ke ƙirƙirar hoto ko kwaikwayon muryar mutum, a ji kamar shi ne ya faɗa alhali bai faɗa ba. Don haka kafin ka tura kowane saƙo, yi wa kanka tambayoyi biyar:

Wa ya fara faɗa? "An ce" ba sunan mutum ba ne.
Yaushe abin ya faru, kuma a ina?
Gidan rediyo ko jaridar da na sani sun faɗa?
Akwai wanda na sani a wurin da zan buga wa in tambaya?
In ƙarya ne, wa zai cutu?

A WhatsApp, saƙon da ya bi hannaye da yawa yana zuwa da alamar kibiya biyu a samansa. Wannan alama gargaɗi ce, ba shaida ba. Saƙon da ya ce "tura wa mutum goma yanzu-yanzu", ko wanda ya sa jininka ya tafasa nan take, shi ya fi bukatar a dakata. Matasanmu suna iya sa hoto a Google Lens su ga ko ya taɓa fitowa a wata shekara ko wata ƙasa. Akwai kuma masu aikin tantance labarai, irin su Dubawa da Africa Check. In ba ka tabbatar ba, bar shi ya mutu a wayarka. Magana zarar bunu ce.

Kashi na shida: Iyakar abin da waya za ta iya

Kada mu ɗora wa waya kayan da ya fi ƙarfinta. A daren 14 ga Afrilun 2014 aka sace 'yan mata 276 daga makarantar sakandare ta Chibok a jihar Borno. Kiran #BringBackOurGirls, wato a dawo mana da 'yan matanmu, ya zaga duniya, har matar shugaban Amurka na lokacin, Michelle Obama, ta ɗaga allonsa. Kiran ya hana a binne maganar. Amma 21 sai a watan Oktoban 2016 aka sako su, 82 kuma a watan Mayun 2017, har yanzu akwai iyayen da ke jira. Waɗanda suka riƙe maganar da rai su ne iyayen da kuma mutanen da suka yi ta zama a dandalin Unity Fountain a Abuja rana bayan rana, bayan duniya ta juya ga wani labari.

Haka kuma dokar da ta rage shekarun tsayawa takara, wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu ranar 31 ga Mayun 2018. Ta mayar da shekarun takarar shugaban ƙasa daga 40 zuwa 35, na majalisar wakilai da majalisun jihohi daga 30 zuwa 25. Matasa sun yi ta yaɗa kiran a waya, amma gyaran tsarin mulki yana bukatar amincewar majalisun jihohi aƙalla 24 cikin 36. Sai da suka bi majalisun ɗaya bayan ɗaya da ƙafa da takarda.

Wata rana ma hanyar takan toshe. Gwamnati ta rufe Twitter a Nijeriya daga Yunin 2021 zuwa Janairun 2022, an kuma katse layukan waya a jihar Zamfara a watan Satumban 2021 saboda matsalar tsaro. Ƙauyen da ƙarfinsa duka a waya yake, ranar da sabis ya ɗauke ya zama bebe. Wanda ke da kwamiti da littafin rahoto da taron wata-wata, aikinsa ba ya tsayawa.

Kashi na bakwai: Mu kiyaye kanmu da junanmu

Dokar laifuffukan intanet ta 2015, wadda aka yi wa gyara a 2024, an sha kama mutane da ita saboda abin da suka rubuta. Ɓata suna ma laifi ne. Ku faɗi abin da kuka gani, kada ku faɗi abin da kuke zato. "Ba a sa famfo ba" magana ce da hoto zai tabbatar. "Wane ya ci kuɗin" magana ce da sai kotu.

A fitar da saƙo da sunan kwamiti ko ƙungiyar gari, kada a bar mutum ɗaya a gaba. Tsintsiya ba ta karyuwa a ɗaure.

Kada a ɗauki hoton mara lafiya, ko gawa, ko yaro, ba da izinin iyalinsa ba. Talauci bai cire wa mutum mutunci ba.

A wuraren da ake fama da 'yan bindiga, kada a sa a waya inda 'yan banga suke kwana, ko ranar da za a kai amfanin gona kasuwa, ko wanda ya sayar da shanu. Ba ka san iyakar masu karantawa ba.

Kada kwamiti ya zama reshen wata jam'iyya. Ranar da aka ga haka, za a ce 'yan adawa ne, a rufe kunne. Tambayar da za ku yi wa wanda ba ku zaɓa ba, ku yi wa wanda kuka zaɓa.

A ƙarshe, mu tuna da waɗanda ba su da waya ko ba su iya karatu ba. Sau da yawa mata ne da tsofaffi, su ne kuwa suka fi sanin nisan rafi da halin ɗakin haihuwa. A ɗauki muryarsu da saƙon murya, da harshensu, in sun yarda. Matashi ya riƙe waya, amma kada ya riƙe maganar shi kaɗai.

Tambayoyi domin tattaunawa

A rabu rukuni-rukuni, dattawa, zumuntar mata da matasa, sa'an nan a haɗu a ji amsar kowa.

1. Cikin abubuwa huɗun da suka sa aka saurari maganar Bagega, wanne ne ya fi ƙaranci a wurinmu?
2. Wane aiki ne aka fara a yankinmu aka bari? Wa ya san ma'aikatar da ta ba da shi?
3. Wane saƙo ne ya taɓa shigowa garinmu ya tayar da hankali, daga baya aka gane ƙarya ne? Me ya sa aka yarda da shi?
4. In babba ne ya turo saƙon ƙarya, yaya ƙarami zai gyara masa ba tare da rashin kunya ba?
5. Su wa ke cikin maƙwabtanmu da matsalarmu ta shafa, waɗanda ba mu taɓa zama da su a kanta ba?

Aikin wannan wata

Kafin fitowa ta gaba, kowace ikilisiya ta yi ƙoƙarin yin abu uku. Ta zaɓi matsala ɗaya tare da sauran mutanen gari. Ta kafa kwamiti, ta sayi littafin rubutu guda domin ajiye ranaku da kofin takardu. Ta kai takarda ta farko ofishin da ya dace, ta karɓo hatimi. Ba sai an sa komai a Facebook a wannan wata ba. In hujja ta kammala, ƙofar kusa kuma ta ƙi buɗuwa, lokacin waya zai zo. Sannu ba ta hana zuwa.

Ku aiko mana da labarin yadda kuka yi, mai daɗi ko akasin haka, domin sauran ƙauyuka su ƙaru da shi. Mu kwana lafiya.